JINI MA KOGI NE: Gudunsa Ke Gyara Jijiya, Kwanciyarsa Ke Ɓata Ta

Duk wanda ya saba da hanyar Kudu zuwa Arewa, ko ta gadar Jabba ya ke bi ko ta Lakwaja, ya san kamannin kogi da rani. Inda ruwa ya miƙe sosai yana gudu, gindinsa fes ya ke, ciyawar da ke ciki kuwa duk ta kwanta ta fuskanci gefe guda. Amma inda kogin ya yi kwana, ko inda wani rafi ya shigo masa, nan ruwa ya kan rage gudu, ya yi ta juyi wuri ɗaya, yashi ya taru, karmami ya maƙale. Masu kwalekwale sun san irin waɗannan wurare sarai, domin nan ne jirgi ke kafewa.

To, likitoci sun gano cewa kusan haka al'amarin ya ke cikin jikin ɗan Adam. Jijiyoyin jini su ma suna da inda suka miƙe, da inda suka yi kwana, da inda suka rabu biyu, kuma cutar da ke toshe su, wadda ke jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ba ko'ina ta ke fara kama jijiya ba. Tana da wuraren da ta fi so. Sanin dalilin haka ya ci wa masana shekaru masu yawa, kuma abin da suka samo ya shafi duk mutumin da sana'arsa ta zama ce, kamar direban babbar mota, da mai gadi, da tela, da ɗan canji, da mai tireda. Galibin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal kuwa, ai da wuya a rasa ɗayan waɗannan cikin kowane gida nasu.

ƊAN TANTANIN DA KE CIKI

Tun kafin shekarar 1288 da ya rasu, wani babban likita na Misira, Ibn al-Nafis, ya rubuta cewa jini ya kan bi ta huhu daga ɓarin zuciya na dama zuwa na hagu. Cikin 1628 wani Bature na Ingila, William Harvey, ya nuna cewa jinin nan guda ne ke kewaya jiki duka yana komowa. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma in yana zaune zuciyarsa ta kan tura kimanin lita 5 ɗin nan cikin kowane minti guda. In aka lissafa, kwana ɗaya ya kama fiye da lita 7,000, watau gangar mai wajen 36. Zuciyar kuwa ta kan buga kusan sau 100,000 kafin gari ya sake wayewa.

Duk wannan jini ba ya taɓa naman jijiya kai tsaye. Akwai wani ɗan tantani da Allah Ya shimfiɗa a cikin kowace jijiya, tun daga babbar da ta fito daga zuciya har zuwa 'yan ƙananan da ido ba ya gani. Likitoci suna kiransa endoteliyam, sunan da wani masani na ƙasar Suwizalan, Wilhelm His, ya raɗa masa cikin 1865. Da 'yan ƙwayoyin rai aka yi shi, masu faɗi, jere gefe da gefe kamar daɓe, kuma sahu ɗaya ne tak, babu wata ƙwaya bisa wata. Silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Fiye da shekara ɗari bayan an ba shi suna, yawancin likitoci suna ɗaukarsa kamar shafen siminti a cikin kwata, watau abin da aikinsa kawai ya sa ciki ya yi santsi.

Jini yana taɓa wannan tantani ta hanya uku. Yana danna shi, wannan shi ne matsin da a ke aunawa a asibiti sa'ad da aka ɗaura wa mutum robar nan a dantse. Yana kuma tale shi, domin duk bugun zuciya jijiya ta kan ɗan buɗe ta koma. Na ukun shi ne guga, watau yadda jini ke shafar fuskar tantanin yana wucewa, kamar yadda ruwa ke shafar gindin kogi. Wannan guga ba ta da wani ƙarfin a zo a gani. Matsin jini ya fi ta ƙarfi sau dubbai. Amma abin mamaki, ita ce aka tarar ƙwayoyin nan sun fi saurara.

GARDAMAR MASANA

Tambayar da ta dami likitoci ita ce wannan. Jinin mutum guda ne. In yana da kitse da yawa, kitsen yana ratsa kowace jijiya. In mai shan taba ne, dafin tabar yana kaiwa ko'ina. To, don me in aka buɗe jijiyoyin wanda ya mutu sai a ga tudun kitse ya fito a wasu wurare sanannu, alhali ɗan gaba kaɗan jijiyar lafiya lau? Wuraren kuwa kusan ɗaya ne ga kowa: inda jijiyar wuya ta rabu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, da cikin kwanar babbar jijiya bayan ta bar zuciya, da mararrabar jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya, da inda babbar jijiyar ciki ta rabu ta nufi ƙafafu.

Cikin 1968 wani likita a Amurka, Donald Fry, ya gwada karnuka, ya ga cewa in gugar jini ta yi tsanani ƙwarai ta kan yage tantanin. Sai mutane da yawa suka ce ai ga amsa nan, inda jini ya fi gudu nan ya ke zaizaye jijiya, kitse ya sami mashiga. Magana ce mai kama hankali, amma ba ta daɗe ba. Cikin 1969 Colin Caro da abokan aikinsa a Landan suka duba jijiyoyin mutane, suka ce a'a, cutar ta fi kama inda gugar ta yi rauni. Aka yi ta ja-in-ja har cikin 1985, lokacin da David Ku da wasu masana uku a Amurka suka ƙera mararrabar jijiyar wuya, suka tura ruwa ciki da bugu irin na zuciya, suka auna gudunsa gefe-gefe, sa'an nan suka gwama da jijiyoyin mamata. Inda ruwan ya miƙe da ƙarfi, bangon jijiya ba shi da komai. Inda ya yi sanyi yana gaba yana baya, nan ne bango ya yi kauri. Caro ya yi gaskiya.

Mai karatu zai ce, to ai shi ke nan, kitse ne ke kwantawa kamar yadda yashi ke kwantawa a kwanar kogi. Nan ne fa misalin kogin ya gaza. Gindin kogi ba shi da rai, duk abin da ruwa ya sauke masa sai ya karɓa. Tantanin jijiya kuwa rayayye ne, kuma shi da kansa ke sauya hali gwargwadon irin gudun da ya ji. Kitsen ma ba bisansa ya ke taruwa ba, ƙarƙashinsa ya ke shiga, cikin bangon jijiyar.

ƘWAYOYIN DA KE BIN ALƘIBLAR JINI

Cikin 1972 likitocin ɗakin binciken Fry suka yi wani gwaji mai ban sha'awa. Suka yanko ɗan yanki daga babbar jijiyar kare, suka juya shi a gicciye, suka ɗinke shi a wurinsa. Da farko ƙwayoyin yankin suna kwance a karkace da gudun jini. Cikin kwana 10 duk suka juya suka bi sabuwar alƙibla.

Cikin 1981 kuma Forbes Dewey da Michael Gimbrone da Peter Davies da wani abokin aikinsu, a yankin Boston ta Amurka, suka raini ƙwayoyin jijiyar saniya cikin faranti, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, ba komai. Da aka leƙa su ta madubin likita sai aka gan su kamar tsingaron da aka jera a daɓe, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Aka kunna wata na'ura mai tura ruwa bisansu a hankali, gefe guda. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ga su sun yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, sun jeru reras, duk sun miƙe inda ruwan ya nufa. Watau ba wani ne ya aiko musu da saƙo ba, su da kansu suka ji gugar.

Da me su ke ji? Masana sun samo hanyoyi da dama. Fuskar kowace ƙwaya tana da wani lallausan gashi-gashi mai yauƙi wanda jini ke kwantarwa in yana wucewa. A mahaɗar ƙwaya da ƙwaya akwai wasu 'yan ƙugiyoyi da ke jin ja, waɗanda aka bayyana aikinsu cikin 2005. Akwai kuma wasu 'yan ƙofofi a fatar ƙwayar da ke buɗewa in an ja ta ko an danna ta. Ardem Patapoutian, haifaffen Berut ta Labanan mai aiki a Amurka, shi da mutanensa suka gano su cikin 2010, suka sa musu suna Piezo, kuma saboda su aka ba shi lambar Nobel ta 2021. Cikin 2014 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka nuna cewa ɗan tayin ɓera in ba shi da wannan ƙofa a tantanin jijiyarsa, jijiyoyinsa ba su shiryuwa daidai, ya kan mutu tun a ciki.

Abin da ƙwayoyin ke yi in sun ji gudu mai kyau ya fi juyawarsu muhimmanci. Labarin ya faro daga wani dattijon masani a birnin New York, Robert Furchgott. Akwai wani magani da aka san yana buɗe jijiya cikin jikin dabba, amma shi duk sa'ad da ya ɗiga shi kan yankin jijiyar zomo a ɗakin gwaji, sai jijiyar ta ƙi saki. Daga baya ya gane cewa wajen shirya yankin ne yatsu ke goge tantanin ba da sani ba. In aka bar tantanin lafiya, jijiya ta saki. In aka goge shi, ta ƙi. Ya buga wannan cikin 1980, ya ce lalle tantanin na fitar da wani abu da ke gaya wa naman jijiya ya saki jiki. Cikin 1987 aka tabbatar cewa abin nan wata iska ce, naitirik okusayid, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi cikin jiki kafin ta ɓace. Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka raba lambar Nobel ta 1998 a kanta. Wani abin dariya shi ne, Alfred Nobel mai lambar da kansa, da ciwon ƙirji ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, likitoci sun rubuta masa naitirogilisarin, watau sinadarin da ya yi arziki da shi wajen haɗa nakiya. Ashe maganin yana aiki ne ta hanyar sakin wannan iska, shi kuwa ya mutu cikin 1896 bai sani ba.

Babban abin da ke sa tantani ya riƙa fitar da wannan iska dare da rana shi ne gugar jini mai tafiya gefe guda. Iskar tana buɗe jijiya, tana hana 'yan ƙwayoyin da ke daskarar da jini mannewa, tana hana fararen ƙwayoyin jini liƙewa a bango. A mararraba da cikin kwana kuwa, inda jini ke gaba yana baya, ƙwayoyin ba su samun alƙibla. Su kan zauna a hargitse, iskar da su ke fitarwa ta ragu, su riƙa mutuwa suna sabuntawa da sauri, tsakaninsu ya riƙa yoyo. Sai kitsen da ke cikin jini ya kutsa ƙarƙashinsu. Su kuma su fito da wani abu kamar danƙo a fuskarsu wanda ke kama fararen ƙwayoyi, fararen su bi kitsen ciki, su haɗiye shi, su kumbura, su mutu a nan. Shekara da shekaru a na haka har tudu ya tashi. Ran da tudun ya fashe, jini ya daskare a kansa, in a zuciya ne mutum ya dafe ƙirji, in a jijiyar da ta nufi ƙwaƙwalwa ne a wayi gari ɓarin jikinsa ya mutu, a ce iska ta buge shi.

Cikin 2009 masana a birnin Atlanta suka ɗaure wasu rassan jijiyar wuya ta gefe ɗaya a jikin ɓeraye masu yawan kitse a jini, don gudun ya rikice. Cikin mako 2 tudun kitse ya fito a wannan gefe, ɗaya gefen kuwa da jinin nan guda ke bi bai yi komai ba.

Jijiya har girmanta ta kan sake don gudu. Cikin 1986 Lowell Langille da wani abokin aikinsa a Kanada suka rage jinin da ke bin jijiyar wuyan zomo da kashi 70 cikin 100, cikin mako 2 jijiyar ta tsuke da kashi 21 cikin 100. Da suka goge tantanin tukuna, ba ta tsuke ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya ga ɗaya gefen wannan da idonsa. Likita ya kan haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a hannun majinyaci, dabarar da aka fito da ita cikin 1966, sa'an nan a jira makonni. Saboda yawan jinin da ya koma bi ta cikinta, jijiyar ta kan yi faɗi ta yi kauri har ta fito ɓaro-ɓaro, a riƙa soka mata allura.

DIREBA DA KWANDASTA

Babu mai iya miƙe kwanar jijiyarsa, da ita aka haife shi. Amma yawan jinin da ke bi ta ciki yana hannun mutum fiye da yadda ya ke zato. In ya tashi yana tafiya da sauri ko yana aikin ƙarfi, abin da zuciya ke turawa ya kan ninka har sau huɗu ko biyar, guga ta ƙaru, tantani ya farka.

Tun 1953, kafin a san duk wannan, wani likita a Landan, Jerry Morris, ya bi lafiyar ma'aikatan bas-bas masu bene wajen 31,000. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka kan matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hayaƙi ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Motsa jiki yana da wasu amfanoni, kamar rage ƙiba da sukari da hawan jini, saboda haka ba za a ɗora abin duka kan tantani ba. Amma cikin 2000 likitoci a Leipzig ta Jamus suka sa masu ciwon zuciya motsa jiki na mako 4, suka auna jijiyoyin zuciyarsu, suka tarar sun fi buɗewa in jini ya ƙaru.

Zama kuwa ba ya jiran shekaru kafin ya nuna. Cikin 2015 masana a Jami'ar Indiyana suka zaunar da samari lafiyayyu awa 3 ba motsi, suka ga jijiyar cinyarsu ta rage buɗewa. Da aka sa su tashi su taka na minti 5 sau uku cikin wannan lokaci, ba ta rage ba. Shekara guda bayan haka wasu a Jami'ar Misuri suka sa mutane su riƙa kaɗa ƙafa ɗaya minti guda cikin kowane minti 5, su bar ɗayar shiru. Wadda aka kaɗa ta tsira, wadda aka bari ta yi rauni. Manya su kan tsawata wa yaro mai kaɗa ƙafa, amma ga fasinjan da aka matse a kujerar tsakiya, wannan ɗabi'a magani ce. Wanda ke rufe tireda ya taka zuwa masallaci sau biyar a rana shi ma ya yanke zamansa gunduwa-gunduwa, sai dai wanda ke shimfiɗa buzu a gindin teburinsa bai sami rabin wannan ba.

Kada kuma ɗan dako ko mai turin ruwa ya ce shi ya tsira. Hawan jini yana kama mai ƙarfi da rago, ba ya ba da alama, kuma yana tale bangon jijiya fiye da kima a kowane bugu, har tantani ya gaji. Taba tana kashe iskar nan mai buɗe jijiya, ciwon sukari ma haka. Awon jini ba ya cin minti biyar, kuma wanda aka auna aka yi ta samun 140 bisa 90 ko fiye, magana ta koma ta likita.

TAFIYAR GIDA

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa. Su ba su da bugun zuciya a bayansu sosai, naman sharaɓa ne ke matsa su in mutum yana tafiya, wasu 'yan ƙofofi a ciki kuma su hana jinin komawa ƙasa. In aka naɗe gwiwa aka zauna, jini ya kan kwanta a bayan ƙofofin nan, tantanin wurin ya rasa guga, ya rasa isasshiyar iska, sai ya juya daga mai hana daskarewa ya koma mai taimaka mata. Cikin 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, wani likitan gawa, Keith Simpson, ya lura cewa mutane suna mutuwa farat ɗaya bayan sun kwana zaune kan kujeru a maɓoya. Gudan jini ne ke tashi daga ƙafa ya toshe huhu. Cikin 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tafiyar zaune ta awa 4 ko fiye tana ninka wannan haɗari kusan sau biyu, ko da ya ke ga mai lafiya bai wuce mutum 1 cikin 6,000 ba.

Daga Ikko zuwa Kano kuwa kusan kilomita 1,000 ne, kuma ba awa 4 ba ne. Haka jirgin Makka. Waɗanda ya kamata su fi kula su ne mai ciki, da mai jego, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai ƙiba, da tsoho, da wanda abin ya taɓa samu. Duk inda mota ta tsaya a sauka a taka, ko da ba a jin fitsari. A sha ruwa, kada a ƙi shi don gudun tsayawa. A zaune kuma a riƙa ɗaga diddige a na saukewa, kada a cusa kaya ƙarƙashin ƙafa har ta kasa motsi.

In bayan an isa aka ga ƙafa ɗaya ta kumbura ban da ɗayar, sharaɓa tana zafi tana ciwo, to kada a murza ta da man zafi, kada a kira wanzami ya yi ƙaho, domin murza tana iya ɓamɓaro gudan ya tafi huhu. A nufi asibiti a ranar. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji yana suka, ko a na tarin jini, ba a jiran gari ya waye.